Munduwar da Na Ajiye Masa a Kan Tabarma

Ku matso, jama'a, ku ara mini kunnuwanku, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Bakina ya saba da tatsuniya, amma wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru. Ni ban taɓa shiga aji ba, iyakar karatuna abin da zan yi salla da shi. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta sa sunan kowa.

A lokacin da abin ya faru Turawa ba su tafi ba tukuna, amma an fara cewa suna haɗa kaya. Ina matar aure a nan Potiskum, ban kai arba'in ba, ina soya ƙuliƙuli ina matsar mai, maigidana kuwa dillali ne a kasuwar shanu. 'Ya'yana biyar a raye, amma labarin na babbansu ne, ɗan farina. Yaran yanzu ba za su gane yadda muke da ɗan fari ba. Ban taɓa kiran sunansa ba. In zan yi maganarsa sai in ce wancan. Ba na cin abinci a gabansa, in ya shigo gaishe ni ina kallon murhu nake amsawa. Da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi, yayar ubansa, a ɗakinta ya girma. Haka muka tarar ana yi, amma ni na fi kowa riƙe abin, har matan unguwa suna misali da ni, suna cewa wance ta san kunya. Kuma ina jin daɗin wannan yabon. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai abu na biyu da za ku riƙe. A ƙauyen Mamudo aka haife ni. Ina da shekara tara uwata da ubana suka bi ayari za su aikin hajji a ƙafa, ta gabas, kamar yadda ake yi a wancan zamani. Ƙyanda ta kama ni a makon tafiyar, sai aka bar ni wurin kakata. Uwata tana da munduwa biyu na tagulla iri ɗaya. Ta zare guda ta sa mini a hannu, ta yi mini girma har tana zamewa, ta ce in riƙe mata, damina uku za su dawo. Damina uku ta wuce, goma ta wuce. Wasu da suka dawo suka ce ubana ya rasu a hanya, uwata kuwa an gan ta a ƙasar Sudan cikin mutanenmu da suka tsaya noman auduga suna neman guzuri. Daga nan ban sake jin komai ba. Na yi aure, na haihu, amma duk motar da ta shigo gari daga gabas sai in aiki yaro ya dubo mini waɗanda suka sauka.

Shi wancan ɗin Allah ya ba shi kai. Ya yi makarantar boko, ya shiga aikin dabbobi, yana bin Baturen dabbobi rugage ana yi wa shanu allura. Fulani suna son sa, domin hannunsa ba ya firgita saniya. Wata rana Baturen ya kira shi da wani abokin aikinsa ya ce an samu gurbi biyu na karatun wata shida a waje, ɗaya a wata jami'a a Ingila, ɗaya a wata jami'a a Sudan. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe za a bar shi ya zarce har ya zama cikakken likitan dabbobi. Da yake shi ne kan gaba a aiki, shi aka ba zaɓi, wanda ya bari abokin ya ɗauka. Kwana bakwai aka ba shi ya yi shawara.

Kwana bakwai ɗin nan zaurenmu bai huta ba, ina jiyo su ta katanga. Wani bafulatani aminin maigidana ya ce me mutumin da ke shan madara a gwangwani ya sani game da saniya, a tura yaro inda shanu ke da tozo irin namu. Wani tsohon ma'aikaci ya ce masa ai allurar da ta ceci garkensa bara daga can aka zo da ita, ba daga tozo ta fito ba, aka yi ta dariya. Goggonsa ta ce ita ba ruwanta da tozo, tsoronta kada ya dawo mata da Baturiya mai cin tuwo da cokali. Ubansa ya ce shi ba zai zaɓa masa ba, wanda zai yi karatun shi ya san inda zai iya. Shi kuwa Ingila yake so, kowa ya sani. Har ya kai wa tela ɗinkin rigar sanyi, yana gwada wa ƙannensa yadda ake tafiya a cikin ƙanƙara suna faɗuwa da dariya.

Ni kuwa tun da na ji an ambaci Sudan ƙuliƙulina ya fara ƙonewa a kasko. A rana ta biyar ya shigo da hantsi ya durƙusa a bakin madafa, ya ce Inna, an ba ni wuri biyu, me kika gani. Da ina da hankali da na juyo na ce masa ina da wata damuwa a gabas, amma ba tasa ba ce, ya tafi inda karatunsa yake. Ko kuma in fito fili in roƙe shi, ya ji, ya auna, ya ce zai iya ko ba zai iya ba. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce da murhu yake magana ko da ni, ya je ya tambayi masu shi, goggonsa da ubansa. Ya yi murmushi ya tashi. Amma da ya fita wurin aiki, sai na ɗauko munduwar nan daga ƙasan tukunyar kayana, na shiga ɗakinsa, ɗakin da ban taɓa taka ƙafata ba, na ajiye ta a tsakiyar tabarmarsa na fito. Ya san labarinta, goggonsa ta sha ba shi tun yana ƙarami. A raina na ce ai ban ce komai ba. Washegari ya gaya wa Baturen cewa Sudan zai tafi. An ce Baturen ya tambaye shi har sau uku ko ya tabbata. Rigar sanyin kuwa abokinsa ya ba, ko sau ɗaya bai sa ta ba.

Daga Kano jirgin sama ya ɗauke shi. Hanyar da ta cinye mini uwa da uba, shi a yini guda ya ƙetare ta. Wasiƙarsa ta farko ta ce karatu lafiya, malamai suna yabon sa. Ta biyu ta ce duk ranar Juma'a yana zuwa unguwar mutanenmu, waɗanda ake kira Takari a can, yana nuna munduwa yana tambaya. Maigidana ya sa aka karanta masa a zaure sannan ya shigo ya faɗa mini, ya tsaya yana kallo na, ya ce wace munduwa ce wannan. Na ce ban sani ba. Ya san na sani, bai sake tambaya ba.

Wasiƙa ta uku ita ce ta kashe ni. Ya ce ya haɗu da wani mai sayar da goro da ya ce ya san wata tsohuwa mai zanen fuska irin namu na Ngizim a wani ƙauye bakin kogi, tana niƙa tana waƙa da harshenmu, kuma da munduwa guda a hannunta. Tafiyar kwana uku ce a mota, tsohuwar ba ta da lafiya, ga damina ta kusa rufe hanya, ga jarrabawa saura mako huɗu. Ya ce a tambayi Inna, ya je yanzu ko ya bari sai ya gama. Da bakinsa ya ce a tambaye ni. Maigidana ya zauna a kan turmi ya ce to, yau kam sai na yi magana, ga mai rubutu can a zaure yana jira. Goggonsa tana wurin, maƙwabciyata tana wurin, duk suna kallon bakina. Na san amsar da ta dace. Wallahi na san ta, tana kan harshena, cewa ya zauna ya yi jarrabawarsa. Amma wani gefen zuciyata yana cewa in tsohuwar ta mutu fa kafin ya je. Sai na ɓuya a bayan kunya. Na ja mayafi na ce yaushe na fara sa baki a maganar wancan. Maƙwabciyata ta ce kai, wance akwai kunya. Maigidana ya yi tsaki ya fita, aka rubuta masa cewa ubansa ya ce ya tsaya ga karatunsa, mahaifiyarsa kuwa ba ta ce komai ba.

Yaron da ya girma yana karanta shiruna, shi za a gaya wa ban ce komai ba? Ya tafi. Ya lissafa zai je ya dawo cikin mako guda. Ruwa ya sauka bayan ya isa, ƙasar can baƙar laka ce, mota ba ta motsi sai ta bushe. Ya ga tsohuwar. Mutuniyar wajen Fika ce, ba ta Mamudo ba, munduwarta ta azurfa ce, ba ta taɓa jin sunan uwata ba, amma ta riƙe hannunsa tana kuka don ta ji harshen gida. Ya kamo hanya a ƙafa da kan jaki, zazzaɓi ya kwantar da shi a wani ƙauye kwana goma sha biyu. Ranar da ya isa makaranta an yi kwana tara da gama jarrabawa. Ba su zalunce shi ba, ya fita ba da izini ba, kuma da suka tambaye shi dalili cewa ya yi laifinsa ne. Bai ambace ni ba, a can ko a nan.

Ya dawo a rame, idanunsa sun yi rawaya, ba takarda. Ya zo ya durƙusa a bakin madafa inda ya saba, ya ce Inna, na dawo, ban same ta ba, ki yafe mini. Ku ji fa, shi ne ke neman gafarata. Nan ma ga dama ta zo, nan ma ina kallon murhu na ce sannu da hanya. Da la'asar na shiga ɗakina na tarar da munduwar a tsakiyar tabarmata. Haka muka yi maganarmu mafi girma ni da ɗana, daga tabarma zuwa tabarma, ba wanda ya buɗe baki.

Na daɗe ina ɗora wa al'ada laifin, amma tsufa ya hana ni wannan ƙaryar. Kunya ba ta hana ni shiga ɗakinsa ba ranar da nake da bukata, sai ranar da shi yake da bukata ta kama ni. Abin da nake so na samu ba tare da na roƙa ba, don in abin ya ɓaci kada a ce ni ce. To iyaye, ku ji daga bakin wadda ta yi. In yaronku ya zo da hanya biyu yana tambaya, ku ba shi amsa da baki, amsar da zai iya juyawa ya ce a'a. Abin da aka faɗa ana iya musa shi, amma yaro mai biyayya ba ya iya musa shirun uwarsa. Kuma kada ku cusa tsohon ciwonku a cikin jakar mai tafiya neman ilimi, jakar ba ta ɗaukar biyu. Abin da ya sa na tono wannan, jikar nan tawa mai rubutu, 'yar wancan ɗin ce, ita ma ta zo mini da takardun jami'a biyu na ƙasar waje ta ce Kaka, wanne. Na kama hannunta na ce ta tafi inda karatunta ya fi, ba ni da saƙo ko na allura. Ta ce to me ya kawo kuka, shi ne na ce ta ɗauko alƙalami.

Abokin nan da ya tafi Ingila da rigar sanyin ɗana ya zarce, ya dawo likita, ya zama shugaban ɗana a wurin aiki, kuma mutumin kirki ne, bai taɓa wulaƙanta shi ba. Goggonsa ta rasu tana cewa asiri aka yi wa yaronta a gabas, ban taɓa gaya mata ni ce asirin ba. Maigidana ya rasu bai sake ɗaga maganar ba, sai dai tun daga ranar turmin nan bai ƙara neman shawarata a kan yara ba. Uwata har yau ban san inda ƙasa ta rufe ta ba. Shi kuwa ɗana ya yi shekara talatin yana bin rugage a kan keke da akwatin allura, Fulani suna kiran sa likita, yana cewa su daina, bai kai ba. Ciwon da ya kwaso a can bai taɓa sakin sa gaba ɗaya ba, kuma shi ya tafi da shi, ya riga ni. Ni ce na rage, a nan unguwar Dogo Tebo, da munduwa a ƙasan tukunya. Yanzu kullum bayan sallar asuba ina kiran sunansa da ƙarfi a cikin addu'a, har yaran gida suna jiyowa. Sunan yana da daɗi a baki. Ban sani ba sai da babu mai amsawa.