Dajin da Aka Ce Ba Ya Son Allura

Gida ɗaya muke da yayata a Unguwar Shanu, amma sai da na kama ta tana shafa wani baƙin gari a ƙirji na san akwai ƙullutu a wurin. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ita ko a jikinta.

"Ciwon daji ne," in ji ta. "Kin kuwa san ba ya son ƙarfe. Allura ɗaya, ya watsu."

Haka duk danginmu suka taso suna ji. Da ƙyar da jiɓin goshi na kai ta asibiti. Ɗan naman da aka ɗiba don gwaji ma sai da ya jawo mini gaba. Ta daina amsa gaisuwata, kullum tana lalubawa ta ji ko ya bazu.

Ranar sakamako, likitar ta jawo kujera kusa da ita.

"Hajiya, kin san tashar Kawo? Kowace mota da mai kira mata fasinja. Ƙwayoyin jiki ma kowace da umarninta na gado, mai ce mata ta hayayyafa daidai gwargwado. A ƙullutunki umarni ɗaya ne ya yi yawa, masu kira suka cika wuri. Akwai maganin da su yake nema ya toshe musu baki. Amma ta jijiya ake sa shi."

"Wato ya san inda za shi?"

"Ya sani. Waraka kuwa ta Allah ce."

Muna isowa gida ta shige ɗakinta. Tsoro ya kama ni sosai, don Yaya in ta kafe, ko jaki ya sara mata. Na kame bakina, abin da ban saba ba. Da safe na tarar da ita a zaure, ta riga ni saka hijabi.

A asibiti, da kanta ta miƙa hannu, ta juya fuska bango. Ruwan ya fara ɗiga. Can ta kira ni a hankali, ta yi maganar mahaifiyarmu, wadda daji ya ɗauke muna yara, aka tsare ta daga allura har ranar ƙarshe.

"Na Inna ma irin nawa ne?"

Na ce ban sani ba, Yaya. Ba wanda ya duba.