Fim ɗin da Yaya Sa'idu ya kulle

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Sa'idu makwancinsa a nan Makka, amma har yau ban rabu da rigimar da ya bar mini a durowa ba.

Ya yi shekara biyu yana koyon fim a Ingila, ya dawo da wani salo na can ya riƙe shi kam. Mu ɗalibansa huɗu, har da ni ƙaninsa mai riƙe makirfo, sai da muka haddace: ba kwalliya, ba fitila, hasken taga ya isa. Kada ka ɗauko ɗan wasa, nemi mai sana'ar da kansa, ya yi magana da harshen gidansu. Kada ka rufe labari da murna idan rayuwar ba haka ta rufe ba.

Haka muka bi Inna Rabi, mai tuwo a unguwar Mansur, wata uku cur. Tana Hausar Damagaram tana sirka ta da Larabci, tana yi wa masu saye tsiya. Wallahi fim ya yi kyau. Ranar da ta kalla ta ce, "Sa'idu, ka fito da ni sak. To iƙamar fa, wa zai fito min da ita?"

Ba ta da iƙama, wato takardar zama. A Ingila, in ji Yaya, fuskar talaka a fim masu mulki take kunyatawa. A nan kuwa tarhil take jawowa, a sa mutum a jirgi a mayar da shi ƙasar da ya baro shekaru aru-aru. Da duk karatunsa bai hango wannan ba. Ya kulle fim ɗin, bai ƙara taɓa kyamara ba har ciwon ajali ya kama shi.

Yanzu an buɗe gidajen kallo a ƙasar nan, abin da ya mutu yana fata. Sababbin ɗaliban fim sun ji labari, suna ta sintiri wurina in fito da fim ɗin. Wani ya ce a dusashe fuskarta. Da Yaya na raye da ya kore shi, don a wurinsa fuskar ita ce fim ɗin. Ni kuma abin na cin raina. Bai bar ɗa ba, wannan aikin kaɗai ya bari.

Makon jiya na je na tambayi Inna Rabi ko in fito da shi. Ta tsufa, da ƙyar take juya muciya. Ta ce, "Ɗan nan, ka jira in mutu. Ai ba nisa."

Abin da ya saura mini na Yaya ke nan: ya zaɓi mutum a kan aikinsa, ya bar ni da gadin zaɓin. Bayan kowace salla ina roƙon Allah ya ja kwanan Inna Rabi, ina sane da cewa kowace shekara aka ƙara mata, shekara ce da babu wanda zai san yayana ya taɓa yin fim.