Ban Kwana a Kasuwar Jahun

Na dawo gida da faɗuwar damina, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, don in ɗebi samfurin ƙasar gonakin gero saboda binciken digirina na biyu. A wata ƙasa can gabashin duniya nake karatun, kuma zamana a can ya rataya ne a kan abubuwa masu riƙe da juna. Jami'a ba ta yi wa baƙon ɗalibi rajistar sabon zango sai yana da inshorar lafiya mai aiki. Jami'an shige da fice ba sa sabunta izinin zama sai sun ga rajistar. Ita kuwa inshorar, sai mutum ya tsaya da kansa gaban likitan jami'a an duba shi. In ta faɗi, sauran sun bi ta, har da tallafin karatun. Tawa za ta ƙare a ƙarshen watan Agusta.

Fasfona da katin inshorar suna cikin leda a aljihun 'yar cikina. Nakan taɓa wurin in ji suna nan, ko a sahun salla ne.

Ruwan sama ya ja mini aiki fiye da yadda na tsara. Ranar da na gama, na sami Baba a zaure na ce lokacin komawa ya matso ƙwarai.

"Madalla," in ji shi. "Sai ka fara zagayen sallama."

A gidanmu, mai tafiya nesa ba ya aika saƙo. Da ƙafarsa yake zuwa gidan kowane babba, ya durƙusa, ya ci tuwon gidan, ya kwana, da safe a sa masa albarka. Wanda aka tsallake kuwa, an yanke zumunci da shi ke nan. Danginmu sun bazu daga ƙauyukan Garki har Buji, kuma a tafiyata ta farko zagayen ya ci kusan wata guda, da rani ma, hanya a bushe. Na buɗe baki in yi bayani, Baba ya riga ya mayar da hankalinsa kan carbi. Ban taɓa musa masa ba, ban kuma san ta inda ake farawa ba.

Washegari na shiga Dutse, ofishin waya, na bi layi. Matar da ke haɗa kira, wata 'yar Filato, ta ga ina ta maimaita abin da zan faɗa a hankali.

"Malam, mutanen can ba sa jin raɗa," ta ce. "In an ɗauka ka ɗaga murya."

Na ɗaga. Jami'ar da ke kula da baƙin ɗalibai ta saurare ni da kirki, ta ce doka ba a hannunta take ba: in ranar ta wuce ban ga likita ba, sai dai in nemi sabuwar biza daga gida, kuma ba ta da tabbacin tallafin zai jira ni.

Duk da haka na fara zagayen, ina gaya wa kaina wataƙila in na yi sauri zan kammala. A Garki kawuna ya riƙe ni, ya tara maƙwabta ana tambayata ko a can ma ana yin shari'a, ko suna da gero. A hanyar dawowa akori-kurar da na hau ta kafe a laka har la'asar. Ga tsoron zazzaɓi, don in na isa da shi likita zai iya ɗage ni. Ko sauro ya yi kuka a kunnena sai gabana ya faɗi.

A haka na isa Buji, gidan Gwaggo, yayar Baba, wadda ta goya shi yana jariri. Ta dama mini fura ta zauna tana kallona.

"Kai ɗan nan, ƙirjinka ke ciwo? Tun da ka shigo hannunka na wurin."

Na ce lafiya lau. Ta ce ba ta yarda ba. Ina jin da wani ne ya tambaya, da shiru zan yi. Amma na ciro ledar na shimfiɗa mata komai a kan tabarma, na yi ta bayani ina gyara maganata, ina cewa mai yiwuwa, ina cewa ban dai tabbata ba.

"Tsaya," ta ce. "Aron gona aka ba ka. In ruwa ya sauka ba ka je ba, a ba wani. Haka ne?"

"Kusan haka ne, Gwaggo."

"Kusan ko haka ne?"

"Haka ne."

"Uban naka ya sani?"

"Na so in faɗa masa."

Ta yi tsaki ta ce in sha furata. Ina sha wani tunani ya zo mini, na daɗe ina juya shi kafin na furta. Na ce ai duk waɗanda suka rage mini suna cin kasuwar Jahun, ko su ko 'ya'yansu. Da zai yiwu in gan su a can rana ɗaya. Na yi sauri na ƙara da cewa na san ba a taɓa yi ba.

Har na fara nadamar maganar. Sai ta ce a ɗauko mata mayafinta.

Tare muka koma gida. Baba ya fito da sauri ya durƙusa ya gaishe ta, ta gaya masa abin da za a yi tun kafin ta zauna.

"Yaya, a kasuwa? Sallama a tsakiyar 'yan awaki?"

"Albarkar a tuwo take ko a baki? In a baki take, bakunan za su zo Jahun. Ni na kira su, wanda ya ji haushi ya same ni."

Baba bai ce ya yarda ba, bai kuma ce a'a ba. Direbobin haya da masu sayar da hatsi suka kai saƙo ƙauye-ƙauye.

Ranar kasuwa aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata tsamiya bayan rumfunan hatsi. Na zauna ina tunanin ba mai zuwa. Kafin azahar wuri ya cika. Tsofaffi a kan kekuna, innoni da ƙullin daddawa da kuka, wani kakana da akuyar da bai sayar ba tukuna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina durƙusawa har gwiwoyina suka yi jawur. Abokan wasana, 'ya'yan Gwaggo, suka sa ni gaba.

"Ga Bature ya buɗe ofis! Ranka ya daɗe, mu ma sai mun nuna fasfo?"

"Ku dai ku bi layi," na ce, aka fashe da dariya. Ni kaina na yi mamakin bakina.

Ba kowa ya zo ba. Wani baffana ya aiko cewa shi ba a yi masa sallama a kasuwa, kuma sai da na dawo hutu, na je na kwana biyu a gidansa, kafin ya huce. Amma da aka ɗaga hannu ana addu'a, har masu awon gero suka ajiye kwano suka shafa tare da mu. Na hango Baba a gefe yana goge ido da bakin rawaninsa.

Na isa da sauran 'yan kwanaki a hannuna, ba zazzaɓi. Likita ya duba ni ya sa hannu, aka ba ni sabon kati, na yi rajista, jami'in shige da fice ya buga hatimi ko kallona bai yi ba. Na fito na zauna a kan matakala ina duba hatimin, ina sake dubawa.

Shekarar da ƙanena zai tafi bautar ƙasa can kudu, ina zaure ya zo ya ce wa Baba lokaci ya matso. Baba ya ja carbinsa, ya ce, "To, a gaya wa mutane ranar kasuwa."