Kujerar da Na Ajiye wa Inna

Abubuwa da yawa na zamana a Abuja sun riga sun shige mini duhu, amma ranar da na yage ledar kujerar gaba ta motata ba za ta taɓa fita daga raina ba. Motar ma tuni ta bar hannuna, duk da haka har yau in na hango irinta a titi sai na bi ta da kallo har ta ɓace.

A lokacin ina aiki a wata ma'aikata a Garki, ina zaune ni kaɗai a saman wani tsohon bene na gidajen ma'aikata. Ba miji, ba ɗa, dangi duk suna Katsina. Wanda bai zauna Abuja ba ba zai gane ba: gari ne da za ka shekara kana gaisawa da maƙwabcinka ba ka san sunansa ba. In na dawo aiki na kulle ƙofa, muryar da nake ji sai ta firji.

Sau ɗaya tak mahaifiyata, Inna, ta taɓa kawo mini ziyara. Wata rana muna tsaye bakin titi muna jiran tasi, rana tana gasa mu, sai ga wata 'yar ƙaramar mota ja ta tsaya a gabanmu, mai ƙofa biyu, fitilunta a zagaye kamar tana zare mana ido. Inna ta kama haɓa ta ce, "Wannan fa, mota ce ko ɗiyar mota?" Na gaya mata kada ƙanƙantar ta ruɗe ta, ta fi manyan motoci da yawa tsada. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ai ita ce daidai ke. Ga ki 'yar mitsitsiya, ga tsadar tsiya, kowa ya zo kin ce bai yi ba." Muka yi ta dariya har tasi ya wuce mu. Sannan ta ce, "Ran da Allah ya ba ki ita, ni zan fara zama gaba. Ki kawo ta har ƙofar gida in sa mata albarka."

A gidanmu wannan ba wasa ba ne. Ko keke mutum ya saya, ba ya fara yawo da shi sai ya kai wa babba ya dafa ya yi addu'a. Na riƙe maganar Inna, na yi ta tattali har na samu wata ta hannu mai kyau, ja kuwa, za a kawo mini daga Legas. Kafin ta iso Inna ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abarsa.

Na dawo daga zaman makoki na tarar da motar tana jirana, an lulluɓe kujerunta da leda kamar yadda dillalai suke yi. Na cire ta kujerar direba, na kai hannu kan ta gefe, sai na kasa. Wurin Inna ne. Na rantse a zuciyata ba mai zama nan, kuma tunda ba wanda ya sa mata albarka, ni ma ban iya fita da ita ba. Kullum Asabar in wanke ta, in tayar da injin ya ɗan yi zafi, in zagaya harabar gida in mayar da ita. Ranar aiki kuwa in fita titi in shiga tasin haɗaka a matse ni. Har mai gadinmu ya gaji ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa, "Madam, wannan mota naka ciwo yake yi ne? Ko ado ne kawai?" Na galla masa harara na wuce.

A ƙasan benenmu akwai wani dattijo, mutumin Zariya, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya tun kafin in zo. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu a duniya. Kullum yana kan wata kujerar roba a gindin mangwaro da rediyonsa. Tsakanina da shi "Baba ina kwana" ne, "Lafiya lau, 'yata," shi ke nan.

Wata Asabar da safe, cikin damina, na sauko da bokiti sai na gan shi tsaye kusa da motar, sanye da babbar riga, ga akwati da jakar Gana-mas-go a gefensa. Ana yayyafi, tasi kuma ba ya shigowa layinmu. Ya ɗan ƙwanƙwasa rufin motar da yatsa ya ce, "Kin san kakar wannan na tuƙa?"

Na ce ban sani ba. Ya ce wani Bature malamin makaranta ne ya sayar masa da ita a Zariya da zai koma gida. Na tambaye shi ina zuwa haka da kaya. Ya ce ya sayar da gidan, zai koma gida gaba ɗaya, tashar Utako zai je ya hau mota.

"Wa zai raka ka, Baba?"

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Wa kuwa? Yaran sun bugo waya, sun ce Allah ya kiyaye hanya."

Maganar ta sosa ni. A ce mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a gari, ya binne matarsa a cikinsa, sannan ya fita ba ko mai riƙe masa jaka. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce zan kai shi. Sai da na ɗaga murfin but na kwantar da kujeru na tura kayansa, sannan na ga abin da na jawo wa kaina. Kaya sun cinye bayan kaf. Ko da ma babu kaya, mota ce mai ƙofa biyu, sai an naɗe jiki ake shiga baya, shi kuwa Baba da sanda yake tafiya. Wuri ɗaya ne ya rage.

Na tsaya riƙe da ƙofa, yayyafi yana jiƙa mini mayafi. Wallahi sai da na yi tunanin ƙarya, in ce masa batir ya mutu. Shi kuwa ya ja baya kaɗan ya ce, "In da damuwa bar shi, 'yata, zan taka zuwa titi." Ya sunkuya zai jawo akwatinsa. Ganin haka ne ya karya ni. Na sa farce na yage ledar, na dunƙule ta na jefa ƙasa, na ce, "Bismillah, Baba."

Da ya zauna ya shafa kujerar ya ce, "Sabuwa ce ashe. Wa ya sa mata albarka?"

Na ce, "Ba kowa." Sai ga hawaye, ni da ban yi kuka a gaban kowa ba tun ranar uku. Na ba shi labarin Inna a gutsure. Bai ce in yi haƙuri ba, bai yi mini wa'azi ba. Ya ɗora tafin hannunsa a gaban motar ya roƙi Allah ya ba ni alherinta ya tsare ni daga sharrinta, ya sa kada ta taɓa ɗaukar ni zuwa inda zan yi nadama. Sannan ya tambayi sunan Inna, ya ambace ta ya nema mata gafara. Muka shafa. Ya ce, "To, tayar mu gani ko ta gaji kakarta."

Tun daga Garki har Utako bakin Baba bai rufu ba, mutumin da na ɗauka ba ya magana. Ya ce a Ingila aka fara ƙera irin motar, a wani lokaci da mai ya yi wuya, kuma don talaka aka yi ta. Aka gicciye injin don mutane su sami wurin miƙe ƙafa, aka tura 'yan tayoyinta can kusurwa. Gilashi ba a sauke shi, gefe ake turawa, ƙofa kuma igiya ake ja daga ciki ta buɗe. Bayanta ba ya ɗagawa sama kamar na tawa, ɗan murfi ne yake faɗowa ƙasa, a ɗaure kaya a kansa. "Daga baya na ji ta koma hannun Jamusawa," in ji shi. "Suka ciyar da ita ta yi ƙiba, suka sa mata kujerun fata da na'urar sanyi, suka ce yanzu ta masu hali ce." Ya nuna zagayayyen allon da ke tsakiya ya ce, "Nan agogon gudu yake a tawa. Ke an sa miki talabijin. Idanun ne kawai suka bar mata."

Na tambaye shi wacce ta fi. Ya ce, "Taki ta fi komai. Amma tawa ba ta taɓa tafiya da kujera a wofi ba. Ni da Hajiya a gaba, yara a baya kamar an cusa kaji a akurki, buhun masara a kan murfi. In muka zo hawa sai kowa ya yi shiru, wai kada mu ƙara mata nauyi." Ya yi dariya, sai dariyar ta tsinke, ya juya yana kallon taga.

A tasha na hana 'yan dako taɓa jakarsa, ni na ɗauka. Na nema masa kujerar da zai miƙe gwiwa, na sayo masa ruwa da ayaba, na tsaya a jikin taga har mota ta cika. Wata mata da ke kusa da shi ta ce, "Alhaji, 'yarka ce?" Ya ce, "Ita ce ta rako ni." Ya faɗe shi yana ɗaga kai, yadda kowa zai ji. Mota ta tashi, ya ɗago mini sandarsa, ban sake ganinsa ba.

Na dawo gida ni kaɗai kamar kullum. Ledar tana nan a ƙasa ruwa ya dake ta, kujerar robarsa kuma tana gindin mangwaro ba kowa a kai. A nan na zauna na daɗe, ina tunanin shekarun da muka yi, ni a sama shi a ƙasa, kowa da irin ciwon ɗan'uwansa, bene ɗaya kawai ya raba mu.

Ranar Litinin na fita aiki da motata, a bakin titi na tsaya na ɗauki wata tsohuwa mai kwandon gyaɗa. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, wanda ya rasu addu'a yake bukata, ba kujera ba. Na ajiye wa Inna wuri ina ganin biyayya ce, alhali da tana raye ita za ta fara ce mini, "Ke, buɗe wa bawan Allah ƙofa, ruwa yana dukansa."