Ashe Babban Mutum Gari Ne

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanwar Ummana. Dalilin tafiyar ba abin alfahari ba ne: na zage wata kwastoma tas a shagon atamfa da nake aiki, uwar ɗakina ta ce in tafi hutu, in dawo da natsuwa ko kuma kar in dawo. Umma ta ce za a kai ni Babban Mutum a koya min. Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba, na ɗauka wani babban likita ne a Daura. Har leshina na biki na sa.

Kuɗin mota kaɗai ya isa ya tayar wa mutum da hankali, ga shi an cusa mu kamar buhunan gero. Bayan Kazaure hanya ta yi kyau, gonaki sun yi kore shar. A tashar Daura muka sha fura mai sanyi, nonon ba a tsinka shi da ruwa ba, na yarda sun fi mu a nan. Ina cikin sha na ji kwandasta yana ihu, "Baure! Babban Mutum! Saura mutum ɗaya!" Na kusa ƙwarewa. Gari ne! Ƙanwar Umma ta yi dariya har da hawaye.

Wadda aka kawo ni wurinta aminiyar Umma ce, malamar asibiti da ta yi ritaya ta koma garinsu. Ba allura, ba jiƙo. Ta karɓe wayata, ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta ce in zauna, in miƙe bayana, in runtse ido, in bi numfashina yana shiga yana fita. In tunani ya ɗauke ni, in dawo da shi ba tare da na yi wa kaina faɗa ba.

Na ce, "Goggo, tun daga Kano na zo don in yi numfashi?"

Ta ce, "'Yar nan, tun da kika shigo ban ga kin yi guda ɗaya cikakke ba."

Wallahi na zaci abin wasa ne. Ko numfashi uku ban yi ba na tsinci kaina ina rigima da kwastomar nan, ina shirya mata sababbin baƙaƙen maganganu. Na dawo. Sai ga wata da ta taka ni a gidan biki bara. Haƙorana a datse, kafaɗuna a ɗage, ni kaɗai a kan tabarma, ba wanda ya taɓa ni. Nan tsoro ya kama ni. Ashe haka nake yawo da kasuwa guda a kaina, har cikin sallah.

Kwanakin da na yi, safe da yamma muke zama, kaɗan-kaɗan. Wata rana ya yi daɗi, wata rana jakin maƙwabta ya ɓata komai.

Na dawo Kano, na koma shago. Ranar farko wata Hajiya ta sa na sauke mata rabin atamfofin shagon, ta ce duk ba su yi mata ba. Na ji zafin ya taso min har wuya. Na ja numfashi, na sake ja. Na ce, "Allah ya kawo wani lokacin, Hajiya." Uwar ɗakina ta leƙo tana dubana kamar an canjo mata ni.

Abin da na koyo: fushin bai tafi ko'ina ba, yana nan. Sai dai yanzu ina jin tahowarsa kafin ya iso bakina.