Awa Guda Tsakanin Tawa da Tudun Hajiya

A shekarata ta biyu a wani ƙaramin ofishin kiwon lafiya da ke Tawa, ni ce mai kula da na'urar da muke kira serber. Aikinta ɗaya ne mai muhimmanci. Kowace safiya takan aika wa ma'aikatan asibitocin ƙauye sunayen yaran da lokacin allurar rigakafinsu ya yi. Tun bakwai saura kwata take farawa, ta yi ta gwadawa rabin awa, in waya ba ta amsa ba ta haƙura sai gobe.

Wata Litinin a farkon damina na sabunta manhajar da ke tafiyar da aikin. Komai ya tashi lafiya, har na koma gida ina jin kaina sakayau.

Ranar Laraba da bakwai da minti biyar wayata ta yi ƙara. Wata dattijuwa ce, majo, wato shugabar asibiti, a wani ƙauye bayan Takanamat, wadda duk muke ce wa Hajiya. Garinsu babu rezo, waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu, don haka kullum da bakwai takan hau, ta tsaya minti goma, ta sauko ta buɗe asibiti. Ta ce kwana biyu ke nan ba ta ga komai ba, kuma makiyayan da ke zaune gefen garin sun fara ɗaure kaya za su yi arewa bin ciyawa. Ba ta san waɗanne yara za ta aika a kira ba.

"Ɗiyata, ni gwiwata ba ta hawan banza," in ji ta.

Na fara karanta mata sunayen da baki. Muna kan na shida layin ya yanke.

Shugabanmu ya ce laifin wayarta ne, tun da na Kalfu da na Tebaram ba su yi kuka ba. Ban yi masa musu ba, amma raina ya ƙi yarda. Na buɗe fayil ɗin da na'urar ta saba rubuta duk abin da ta yi. Layin ƙarshe na ranar Litinin ne, daga nan fari fat, kamar gidan da aka tashi ba sallama. Ga na'ura tana aiki, ga saƙo yana isa wasu wurare, amma ba ta faɗa mini komai.

Na shiga tsohon fayil ɗin saiti, na ƙara lokacin gwaji daga rabin awa zuwa awa guda, na kashe na kunna. Alhamis Hajiya ta sake hawa, ta sake saukowa hannu wofi. Na sauya wani abu, na sake kunnawa. Babu abin da ya motsa. Na ji haushin na'urar, na ji haushin shugaba da ke leƙowa yana tambaya ko na gama wasa, na fi jin haushin kaina da ban karanta bayanin sabuntawar ba kafin in taɓa ta. Da Turanci aka rubuta shi, ni kuwa da Faransanci na yi karatu, sai na tsallake.

Ranar Juma'a na zauna da ƙamus, layi bayan layi. A can tsakiya aka ce sabuwar manhajar ta daina duba tsohon fayil ɗin saiti gaba ɗaya, kuma rahotonta ya koma cikin babban kundin na'urar. Wato kwana biyu ina gyara takardar da babu mai karantawa.

Na buɗe kundin. Ga shi an rubuta ta aika saƙo bakwai saura kwata, daidai, kowace rana. Sai na tura saƙon gwaji, sabon layi ya fito da ƙarfe goma da minti sha biyu. Na ɗaga kai, agogon bango yana nuna sha ɗaya da sha biyu. Layin da ke gaya mata lokacin Nijar yana cikin tsohon fayil, da ta rasa shi sai ta koma agogon duniya, wanda ke bayanmu da awa guda. Saƙo yakan tashi takwas saura kwata, lokacin Hajiya ta daɗe da saukowa. Masu rezo a ɗaki ba su ko lura ba.

Layi ɗaya na rubuta a sabon wurin saiti, mai gaya mata lokacin Nijar. Bai kai minti biyu ba.

Asabar da bakwai Hajiya ta kira, ta ce sunaye sun iso, ta yi mini addu'a. Na tambaye ta makiyayan. Ta ce mafi yawa suna nan, za ta aika yau, amma gida biyu sun tashi tun Alhamis da safe, kuma akwai yara uku nasu a jerin. Na ce ko akwai hanyar da za a cim musu.

"Sai in wani ya gamu da su a rijiya," in ji ta. "In ba haka ba, sai kaka in sun dawo."

Na rubuta sunayen ukun a takarda na kai wa direbanmu mai zuwa arewa, na roƙe shi ya riƙa tambaya a hanya. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce zai gwada.