Wurin da Haske Ya Taɓa

Iya Salka muke ce wa kakarmu, don daga Salka aka kawo ta aure Kontagora, kuma har ta rasu harshenta bai rabu da Kambarci ba. Mace ce mai rowar tatsuniya. Sai mun ɓare mata gyaɗa ƙwarya guda, mun yi ta magiya, kafin ta ba mu ɗaya a bakin murhu, ita ma guntuwa. Sau ɗaya tak ta kira mu da kanta.

Babanmu mai haƙar rijiya ne. Da la'asar gefen wata rijiya da yake haƙa a bayan gari ya rufta, yana ciki. Maza suka kwashi shebur da igiya suka tafi, innarmu ta bi su ko mayafi babu. Aka bar ni da ƙannena mata biyu muna kuka a zaure, muna neman fita. Bayan magariba Iya ta sa sakata, ta jawo mu gaban wutar da take suyar gyaɗa, ta fara ba tare da ta jira mun amsa mata ba.

Ta ce wasu mutane ne yaƙi ya koro, suka haƙa ƙasa suka yi gari a ciki. Dawa ba ta fitowa a duhu, don haka naman kaza suke nomawa, shi suke ci safe da yamma. Dokarsu ɗaya ce, kada kowa ya taɓa rufin garin. Sai wata mata da kewar rana ta dama ta ɗauki muciya ta huda sama, ƙofa kamar ta allura, haske ya sauko ya sauka a gonarta.

Nan aka buga ƙofa. Maƙwabcinmu ne, Malam Ɗanjuma, ya yi wa Iya magana ta kan katanga ƙasa-ƙasa, amma na ji. An samu 'yar kafa, an zura fitila da igiya, ta mutu. Mu 'ya'yan mai haƙar rijiya ne, ko ƙaramarmu ta san fitila ba ta mutuwa sai inda babu iska. Iya ta ce masa su ƙara buɗa kafar su sake zurawa, ta dawo ta zauna, ta ɗora daga inda ta tsaya. Tana ta juya ludayi, gyaɗar kuwa ta fara ƙauri.

Ta ce sarkin garin ya sa aka toshe hudar da laka, duhu ya dawo. Amma naman kaza ya ƙi fitowa a wurin, duk yadda aka yi. Sai matar ta binne ƙwayar dawa da ta ɓoye a bakin zanenta, ta kuwa tsiro.

"Wurin da haske ya taɓa, ko an rufe shi, bai zama na duhu ba," in ji Iya.

Na ce, "Iya, Baba fa?"

Ta kalle ni da jajayen idanu. "Ubanka tun ina goyonsa rana ke dukansa. Ƙasa ba ta da rabo a jikinsa. Zauna."

Na zauna, amma ban yarda da ita ba, haushinta ma nake ji. Ta yi ta jan tatsuniyar, wannan mai rowar, dawa ta yi kai, aka girbe, aka sake shukawa, har muka ji hayaniya ta doso gida. An fito da Baba da rai, ƙafarsa ta hagu a karye. Da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, bai sake shiga rami ba.

Sai da na girma wata 'yar'uwar Iya ta faɗa mini cewa yadda su suka san tatsuniyar, hudar nan ce ta rufta garin, ba wanda ya fita. Iya ce ta sauya ta a gabanmu.

Bara wani abokin aikina a shagon gyaran kwamfuta ya sa mini wani wasan kwamfuta na kafa gari a ƙarƙashin ƙasa. A cikinsa kowane taku na ƙasa yana da shaidarsa, na haske ne ko na duhu, na sarari ne ko na ƙarƙashi, kuma shukar duhu ba ta yi a inda ya taɓa ganin rana. Da rashin sani na sa mutanena suka huda rufin gonarsu. Na yi maza na gina wani rufin, amma wasan ya ci gaba da rubuta wurin a matsayin na haske. Abokina ya yi dariya ya ce gonar ta tashi daga aiki, ba ta komawa yadda take har abada. Na ce na sani, na ɗauko irin shukar sarari na zuba a wurin.

Ya tambaye ni wa ya koya mini, tunda ranar na fara wasan. Na ce masa kakata ce. Wata tsohuwa ce, ɗanta na ƙarƙashin ƙasa, ta zauna tana juya gyaɗar da ta riga ta ƙone.